Wayar da Baba Umara Ya Mayar

Shekara talatin da ɗaya Baba Umara ya yi yana gyaran lantarkin jiragen ƙasa tsakanin Kano da Nguru, amma yanzu sunan 'yarsa ma ya ɓace masa. Ciwon mantuwa ne, ba ya zuwa da zazzaɓi balle a ce a sha magani. Tun damunar bara yake kiran Mardiyya "baiwar Allah", yana yi mata godiya in ta kawo masa kunu kamar wata baƙuwa mai kirki. Wannan godiyar ita ce ta fi komai ci mata rai.

Abu ɗaya ne bai saki ba: wani ɗan ƙaramin kan jirgi, tsawon tafin hannu, da wani injiniya ya ba shi kyauta ranar da ya yi ritaya. Yana da layin dogonsa da ake shimfiɗawa a tebur, a ba shi wuta ya yi ta zagaye shiru. Baba Umara kan zuba masa ido, can ya ce, "Wannan jirgin bebe ne." Sai ya juya baya.

Mardiyya tana koyar da aikin lantarki a wata makarantar sana'a a Haɗeja, ba ta raina hannunta ba. Ta roƙi yayanta Musa da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mata da dikoda, ba irin ta talabijin ba, wata 'yar mitsitsiya kamar farcen babban yatsa, wadda in an dasa ta a cikin jirgin zai yi gurnani da hon kamar na gaske. Wata huɗu tana hanya. Da ta iso ma guda ɗaya ce tak, kuma a satin kogi ya cika ya yanke hanyoyi, har shinkafar mutanen Baturiya ta nutse. Mardiyya ta sa a ranta cewa in mahaifinta ya ji kukan jirgi, wataƙila wani abu ya buɗe a kansa. Ba likita ne ya gaya mata haka ba, ita ta gaya wa kanta.

Ranar Asabar da hantsi ta zauna a zaure ta buɗe cikin jirgin. Takardar da ta zo da dikodar ta nanata abu ɗaya har sau uku: ɗan injin da ke juya ƙafafun kada ya taɓa ƙarfen jikin jirgin, in ya taɓa, dikodar ta ƙone. Don haka ta cire baƙar wayar da ta haɗa injin da jikin, ta naɗe bakinta da salatif. Ta liƙa sauran wayoyin ɗaya bayan ɗaya da dalma, siraran abubuwa kamar gashi, tana riƙe numfashi. Da ta gama sai ta shiga ciki sauke tukunya, don aikin gida bai san da dikoda ba.

Ko da ta dawo, Baba Umara na kan kujerarta. Ya sa tabarau, sukundireba a hannu, kuma hannun da kullum ke rawa wajen kai cokali baki yau ya tsaya cak. Salatif ɗin na yashe a gefe. Baƙar wayar ta koma mazauninta, an ɗaure ta da jikin ƙarfe tam, aiki mai tsabta wanda ko ita ba za ta yi kamarsa ba. Yana cikin mayar da murfin ne.

"Wani sakarai ya bar waya a sake," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Ba a fitar da inji daga shago sai an ɗaure shi da jiki. Haka ake kashe mutane."

Mardiyya ta matso kusa da shi. "Baba, wannan ba irin manyan ba ne. Shi ba a haɗa shi."

Ya ɗago, ya dube ta ta saman tabarau, irin kallon da yake yi mata tana 'yar firamare in ta taɓa masa akwatin kayan aiki.

"Mardiyya, ni za ki koya wa aikina?"

Wata goma sha huɗu rabon da ta ji sunan nan daga bakinsa. Ga shi ya faɗe shi da faɗa, da ɗaure fuska, kamar bai taɓa ajiye shi ba. Ta san abin da ya kamata: ta karɓi jirgin, ta kwance noti ɗaya, aikin minti biyu. Amma kwance notin nan a gabansa daidai yake da ce masa bai iya ba, kuma iyawar nan ce kaɗai ta dawo mata da shi.

"Ɗora shi a layi," ya ce. "Lokaci na tafiya, mutanen tashar Malam Madori na jira."

Ta ɗora. Ta jona batirin sola, tana addu'a a zuci. Babu abin da ya faru. Ta danna maɓallin hon, sai zauren ya cika da kukan jirgi, dogo, mai kauri, har kajin tsakar gida suka watse. Baba Umara ya yi dariyar da ta bayyana giɓinsa, ya buga tebur.

"Kin ji ko? Yanzu ya zama jirgi. To, tashi da shi."

"Baba, mu bar shi ya ɗan yi ta kuka tukuna."

"Jirgi ba ya hon ya tsaya. Tashi da shi, Mardiyya."

Ta sa yatsunta a kan abin murɗawar da ke tayar da jirgin. Ta san sarai abin da zai biyo baya, ta karanta shi sau uku. Ta murɗa. Jirgin ya motsa kamar taku ɗaya, gurnanin ya shaƙe, wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin murfin da warin roba. Ta danna hon, ta sake dannawa. Shiru.

Baba Umara ya daɗe yana kallon jirgin. A hankali sukundireban ya fara rawa a hannunsa, ya ajiye shi. Ya cire tabarau yana jujjuya shi kamar bai san na waye ba. Sannan ya ga hawaye a fuskarta, tausayi ya kama shi.

"Baiwar Allah, wa ya ɓata miki rai?" ya ce. "Yi haƙuri. Ki jira 'yata ta dawo, ita ta iya gyaran irin waɗannan."