Ranar da Lindsay Ya Ƙi Tashi

Clarrie ya kama ƙafar maƙwabcinsa Lindsay ya finciko shi daga gado. Lindsay ya faɗo ƙasa har da bargon, ƙeyarsa ta bugi katako.

"Tashi, rago. Bakwai ta yi."

"Yau ba zan iya ba, Clarrie."

"Wa ya tambaye ka?"

Glenys, matar Lindsay, ta shigo da butar shayi a hannu. "Sakar mini miji, tsohon banza. Tun jiya yake dafe da ƙirji, ya ce kamar an ɗora masa dutse."

"Dutse? Ni aka ɗora wa dutse, Glenys. Sau biyu ramin ma'adinai ya rufta da ni, na fito da ƙafata na wuce gidan giya."

Ba ƙarya ya yi ba. Mu da muka ci ƙuruciyarmu a ramukan ma'adinan garin Zeehan ba mu san wani abu wai shi ciwo ba, kuma rabin likitocin da suka ce mu zauna mu huta mun raka su makabarta. Shekara goma sha ɗaya maƙwabtan nan biyu suna gudun motsa jiki kowace safiya zuwa tsohuwar gada su dawo, ba su taɓa tsallake rana ba. A wurin masu gudu irinmu, wanda ya fasa rana ɗaya lissafinsa ya koma farko. Lindsay da bakinsa ya kafa dokar: duk ran da ɗayansu ya ƙi tashi, ɗayan ya fito da shi ko da duka ne. Shi ma ya taɓa sheƙa wa Clarrie bokitin ruwan sanyi yana tsakiyar zazzaɓi.

Lindsay ya miƙe ya zuba masa naushi a baki. Haƙoran roban Clarrie suka yi tsalle suka shige ƙarƙashin kujera. Clarrie ya tofar da jini, ya shaƙo wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango.

"Ka gani? Mai naushi irin wannan ba yau zai mutu ba. Sa takalmi."

Lindsay ya yi dariya yana haki. "Kai dai ba ka da mutunci."

"Ku je ku ƙarata," in ji Glenys. "Ba wanda zan ɗumama wa abinci."

Sanyin Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasarmu, ya daskarar da titi, iska kuma tana yankar kunne. Suka ɗauki hanya, Clarrie a gaba yana zaginsa, Lindsay a baya ba ya ramawa. Saura taku hamsin su kai gadar, Lindsay ya durƙusa. Clarrie ya dawo ya haure shi a mazaunai.

"Ka san doka. In ba ka taɓa ƙarfen gada ba, yau ba ta shiga lissafi ba."

Clarrie ya damƙi rigar Lindsay ta baya ya ja shi a kan tsakuwa, gwiwoyinsa suna kurjewa, har bakin gadar. Ya ɗaga hannunsa ya buga a kan ƙarfen. Da ya saki, hannun ya sulale ƙasa. Sai a lokacin ya dubi fuskarsa.

Ya kwantar da shi ya hau danna masa ƙirji don ya farfaɗo, yadda aka koya mana a rami. Ya ji haƙarƙari ya karye, ya ci gaba. Wani ya sake karyewa.

"Tashi, ɗan iska. Tashi mu koma."

Wani direban motar katako ya tsaya ya kira asibiti. Da ya ga an daɗe, ya yi ƙoƙarin janye Clarrie, shi kuwa ya fasa masa hanci da gwiwar hannu. Sai da mutum uku suka taru kafin a ɗaga shi daga kan gawar.

Glenys tana tsaye a bakin ƙofa lokacin da ya dawo shi kaɗai. Labari ya riga shi isowa.

"Ya kai gadar, Glenys," in ji shi. "Ya taɓa ƙarfen."

Ta mare shi, mari ɗaya, leɓensa ya sake fashewa. Bai kauce ba. Ta zauna a kan matakala, shi ma ya zauna a ta ƙasa da ita. Hular ulun Lindsay tana hannunsa, ƙanƙarar da ta manne mata tana narkewa, tana ɗiga a kan siminti.