Batirin da Fazal Dad Ya Zaɓa

Tanwir ya dire batura biyu a kan kantar shagonsa, ya goge ƙurar ɗaya da gefen rigarsa.

"Ga su nan, Kawu. Wannan sabo ne dal, awa goma sha biyu yake riƙewa. Wannan kuwa ya sha jiki, kwalin ne kawai ke sheƙi."

Fazal Dad ya tsaya yana kallonsu kamar an ce ya zaɓi likkafaninsa. Shekara ashirin da shida yana gadin wani gida mai hawa uku a bayan garin Mirpur. Masu gidan suna Ingila, ba sa kwana cikinsa sai in sun zo biki ko sun kawo gawa. Shi ke shara, shi ke ba itatuwan lemo ruwa, yana kwana a ɗan ɗakin bakin ƙofa. Ba shi da wani ɗakin a duniya. Ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwan dam tun yana yaro, matarsa ta rasu, haihuwa kuma Allah bai ba su ba.

Bara da maigidan ya rasu, ɗansa Wakas ya sa aka kafa ƙararrawar ɓarayi, wadda da an taɓa ƙofa take kwarma ihu, ta kuma sanar da shi ta waya har can. Abu ɗaya ya hana a sallami tsohon: da an ɗauke wuta ƙararrawar ke mutuwa, wuta kuwa a unguwar baƙuwa ce. Jiya sai ga wayar Wakas, wai a sayo batirin da zai riƙe ta. Duk faɗin Mirpur bai ga ɗan aike ba sai shi.

Tanwir ya rage murya. "Kawu, kowa a layin nan ya san abin da ake ciki. Ɗauki tsohon. Minti ashirin zai yi ya sheme. Yaron nan zai ce na'urar ce ba ta da kirki, kai kuma ka ci gaba da shan shayinka. Wa zai taso daga Ingila ya duba?"

"In ɓarawo ya shiga fa?"

"Ba kana nan ba?"

"Ina nan. Amma kunnen hagu ya tafi, na dama ma yana haɗa kaya. Watan jiya akuya ta shigo ta cinye rabin furannin gidan, ina zaune ban ji ba."

Kada a ɗauka waliyyi ne. Sau biyu yana ɗaga tsohon batirin yana auna nauyinsa, kuma tsoro yake ji, tsoron mutumin da bai san inda zai shimfiɗa tabarmarsa ba. Sai dai ranar da marigayin ya damƙa masa makulli ya yi alkawarin ko cokali ba zai ɓata ba, bai kuwa ɓata ba. Abin da ya tara a duniya ke nan.

"Ba ni sabon."

"Haba Kawu, da hannunka?"

"To da na wa?"

Ya rungumo shi a motar haya har gida, ya haɗa wayoyin yadda Tanwir ya nuna masa, ja da ja, baƙi da baƙi. Da la'asar aka ɗauke wuta. Ya ɗauki makulli ya buɗe ƙofar falo don gwaji, yana fata a ransa, Allah ya yafe masa, ya ji shiru.

Ƙararrawar ta tsage da ihu. Kafin ya ja da baya wayarsa ta hau ruri.

"Kawu, wani ya shiga gidan!" in ji Wakas.

"Ni ne na buɗe ƙofar, Wakas."

"Au, kai ne. Babu wuta ko? To madalla, tana aiki ke nan. Dama ina so mu yi magana, a kan ƙarshen watan nan. Zan kira ka gobe a natse."

"Allah ya kai mu," in ji Fazal Dad. Ya dubi akwatin da ke ta ihu a jikin bango. "Yaya ake kashe ta?"

"Bar ta kawai, Kawu, daga nan zan kashe. Ba sai ka yi komai ba."