Minti Shida a Mararraba

Duk shekara, idan lokaci ya yi da hukumar motocin safa ta gunduma za ta sabunta tsarinta, teburin Malamar jadawali yakan cika da takardu har a rasa inda za a ajiye kofin shayi. Da wannan suna kowa ke kiranta a ofis, tun daga Darakta har mai gadi, domin ita ke yanka wa kowace bas lokacin tashi da na isa. Shekararta uku a kan kujerar, kuma ba ta taɓa miƙa aiki a makare ba.

Bana aikin ya fi na bara zafi. Bas biyu sun tsufa, makanikai sun ce ko da addu'a ba za su ƙara shekara a kan titi ba, kuma ba a sayo wasu ba. Darakta ya kira ta ya ce, "Malama, motoci sun ragu, mutane ba su ragu ba. Ki matse duk inda zai matsu. Nan da mako biyu za mu kai tsarin gaban jama'a."

Ta zauna ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya. A kowace bas akwai na'ura mai rubuta lokacin da ta bar tasha, kuma a nan ne layi na huɗu ya tsone mata ido. Jadawali ya ce bas ɗin farko ta bar mararraba da ƙarfe bakwai daidai, amma kusan kullum sai bakwai da minti shida take tashi. Direban kuwa mutum ɗaya ne, har 'yan ofis sun laƙaba masa Sarkin Latti. Ma'aikatan wata makaranta da ke ƙarshen layin sun rubuto ƙorafi sau uku. Sai ta yanke shawara biyu: ta dawo da tashin bas ɗin bakwai saura biyar, ta kuma rubuta wa direban takardar gargaɗi. Takardar ma ta buga ta, sa hannun Darakta kawai ya rage.

Ranar Asabar da la'asar ta baje aikin a teburin falo. Maigidanta ya fita da yara, gidan shiru, sai surukinta a kan kujerarsa ta bakin taga yana gyara igiyar tabarau. Tun rasuwar matarsa yake zaune da su. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙin bas a wannan hukuma kafin ya yi ritaya, amma tsakaninsa da matar ɗansa daga gaisuwa sai "ga abinci, Baba." Ba ta taɓa kawo masa zancen ofis ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ta shiga kicin ɗebo ruwa, da ta dawo sai ta tarar da shi tsaye a kan taswira, ya ɗora yatsa a kan mararraba.

"'Yata, ki yi haƙuri, ido ba shi da shamaki. Wannan layi na huɗu ne kika ja baya?"

"Shi ne, Baba. Direban ne ba ya jin magana, kullum a makare yake tashi."

"Kin taɓa tsayawa a mararraba da bakwai na safe?"

"A'a, Baba. Ai na'ura tana nuna mana komai."

Ya yi murmushi, ya koma ya zauna a hankali, yana dafe da gwiwa. "Na'ura ta gaya miki ya makara. Ta gaya miki abin da yake jira?"

Ta so ta tambaye shi, shi kuma ya riga ta. "Idan na faɗa za ki ce tsohon direba ne ke kare ɗan'uwansa. Gani ya kori ji. Ki je da ƙafarki, kada ki ɗauki motar ofis, kada ki rataya katin aiki."

Har cikin ranta ba ta so ba, don aiki ya yi mata yawa. Amma mutumin da bai taɓa neman komai a wajenta ba ne ya yi magana. Ranar Litinin, bakwai saura kwata, tana mararraba da jakarta a kafaɗa.

Wuri ne da titi uku suka haɗu, da rumfar kwano da dogon benci na siminti, sai mai shayi a gefe. Bas ɗin layi na huɗu tana tsaye, injinta na kunne. Direban wani gajere ne mai furfura a gemu, ba ya shan shayi, ba ya hira da kowa. Idonsa na kan madubin gefe. Bakwai ta buga, bai motsa ba. Wani mai jakar hannu a kujerar gaba ya duba agogo ya yi tsaki.

"Direba, mu kwana za mu yi a nan?"

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Yanzu za mu tafi."

Bakwai da minti huɗu sai ga bas ɗin layi na tara ta sauko daga gangaren gada, wadda ke kwaso mutanen ƙauyukan ƙetaren kogi. Ta kunna fitila sau biyu, Sarkin Latti ya mayar mata da ɗaya. Tana tsayawa mutum bakwai suka sauko suka nufo ta huɗu. Biyu ne kawai a cikinsu ke iya sauri. Akwai wani dattijo da sanda, da wata mata da ƙafafunta suka kumbura har takalmi bai shige su ba, 'yarta na riƙe da ita. Direban ya sauko da kansa ya tallafi matar ta hau matakala, ya ce, "Inna, yau kin fi rannan ƙarfi." Ta ce, "Kai dai da daɗin baki." Bakwai da shida bas ta tashi.

Malamar jadawali ta zauna kusa da 'yar matar, ta gaishe ta, ta tambaye ta ina za su.

"Babban asibiti, wankin ƙoda. Sau uku a mako. Takwas saura kwata ake fara ɗora mutane a kan inji, wanda bai zo ba sai a ba wani gurbinsa."

"To idan wannan bas ɗin ta wuce fa?"

"Sai ta ƙarfe takwas, lokacin kuwa an gama rabon inji. Sau ɗaya ta taɓa faruwa da mu, ranar da wani baƙon direba ya karɓe shi. Kwana biyu Inna ba ta iya kwanciya ba, a zaune take barci." Ta nuna direban da haɓa. "Wannan bawan Allah, ba mu haɗa komai da shi ba, amma kullum yana cikin addu'armu."

Nan take Malamar jadawali ta gano inda kuskuren yake. Ita ce ta rubuta bakwai daidai ga layi na huɗu, ita ce kuma ta rubuta bakwai da huɗu ga layi na tara, a shafi daban-daban, shekara uku a jere, ba ta taɓa ajiye shafukan biyu gefe da gefe ba. Da sabon tsarinta ya wuce, ratar za ta koma minti tara, kuma da takardar gargaɗi a fayil ɗinsa, mutumin nan ba zai ƙara iya jira ba.

A tashar ƙarshe, bayan kowa ya sauka, ta matsa gaba ta faɗa masa ko ita wace ce. Fuskarsa ta canza, ya cire hula ya mayar.

"Malama, na san laifina. In hukunci ne, ni kaɗai a yi wa. Direban layi na tara ba ruwansa."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa wa ofis ba?"

"Wa zan faɗa wa? Mu ƙasa muke, ku sama. Takarda daga sama take saukowa, ban taɓa ganin ta hau ba." Ya ɗan yi dariya. "Kuma ba ni na fara ba. Wanda na gada a layin shi ya ce mini, yaro, komai za ka manta, kada ka manta da mutanen gada. Wani dogon dattijo mai tabarau, ya yi ritaya tuni."

Ta gane surukinta yake nufi. Ta koma ofis, ta zaro takardar gargaɗin daga tiren Darakta kafin ya iso, ta yayyaga ta.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Idan bas ɗin za ta riƙa tashi bakwai da minti takwas don jiran mutanen gada, dole a nemo mintunan a wani wuri, in ba haka ba ma'aikatan makaranta su ci gaba da makara, kuma su ma da gaskiyarsu. Kwana uku tana juya lissafi. Daren Laraba bayan cin abinci, ta ɗauki taswira ta durƙusa gaban surukinta.

"Baba, na je na gani. Allah ya saka maka da alheri, ka hana ni ɗaukar alhaki. Yanzu kuma na maƙale."

Ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa har ya tsaya a kan wani lanƙwasa. "Nan, layin teloli. Bas takan shiga ta zagaya ta fito, minti bakwai ke nan idan an yi sa'a. Da can akwai masaƙa a ciki, shi ya sa aka sa tasha. An rufe masaƙar tun kafin a haifi babban ɗanku. Amma ki sani, teloli za su yi kuka, kuma kukansu ba na banza ba ne."

Maigidanta, da ya leƙo daga ɗaki, ya ce, "To, yau kuma ni ne baƙo a gidan nan." Baba ya ce, "Kai je ka, muna aiki."

Darakta ya fara da gardama. Ya ce idan aka biye wa kowane direba, jadawali zai koma kasuwa. Ta ajiye masa shafukan biyu gefe da gefe, ta ba shi labarin matar mai kumburin ƙafa, ba ƙari ba ragi. Ya daɗe yana kallon takardun, sannan ya ce, "Ke za ki tsaya gaban teloli, ba ni ba."

Ranar taron jama'a zauren hukuma ya cika, fanka ɗaya ce ke aiki. Da ta karanta canjin layi na huɗu, shugaban teloli ya miƙe, wani ƙato da tef a wuya.

"Malama, mu me muka yi? Abokan cinikinmu tsofaffi ne da masu goyo. Kin ce su sauka a babban titi su taka. Rana fa? Ruwan sama fa?"

Ta ce, "Ba ku yi komai ba, kuma ba zan ce muku ba asara ba ce." Ta bayyana dalili, ta ce bas ɗin safe biyu kawai za a cire daga layinsu, daga ƙarfe tara sauran za su ci gaba da shiga, kuma za a kafa rumfa da benci a bakin titin. Mutumin ya shafa kai.

"Wankin ƙoda kika ce?"

"Shi."

"Ƙanena da shi ya rasu." Ya ja numfashi. "A yi rumfar kafin damina, ba irin alkawarin hukuma ba." Darakta da kansa ya amsa masa cewa za a yi, aka rubuta.

Mako ɗaya kafin sabon tsari ya fara aiki, Malamar jadawali ta yi abin da ba a taɓa yi ba a hukumar. Ta sauka gareji lokacin canjin aiki na rana, ta sa aka tara direbobi a ƙarƙashin inuwar da ake wanke motoci. Suka jeru a kan tsofaffin tayoyi, kowa ya haɗe rai, sun ɗauka faɗa aka zo yi.

Ta ce, "Ba hukunci na kawo ba, tambaya na kawo. Duk wanda ke da wurin da yake jira ko yake tsayawa alhali ba ya cikin takarda, ya faɗa mini. Ba zan rubuta sunan kowa ba."

Kowa ya kalli Sarkin Latti. Shi kuma ya ce, "Ku faɗa, ni dai an kama ni kuma ban mutu ba."

Aka fashe da dariya, baki ya buɗe. Wani ya ce yana tsayawa wajen gidan makafi ko da ba tasha, domin tashar tana hayin titi. Wani ya ce ranar Alhamis yakan jinkirta minti uku, har masu sharar kasuwa su ajiye kayan aiki. Direba mace ɗaya tilo da ke cikinsu ta ce idan aka tashi daga makarantar 'yan mata ba ta barin wurin sai ta ga layin ɗaliban ya ƙare, ko da mota ta cika maƙil. Malamar jadawali tana tsaye, littafi a tafin hannu, tana rubutu har biro ya ƙare, wani makaniki ya miƙo mata nasa duk baƙin mai. Wuri goma sha ɗaya ta ƙirga. Ta faɗa musu gaskiya cewa huɗu kawai za su iya shiga bana, sauran sai ta yi nazari.

"Na gode," in ji ta. "Wallahi na gode. Shekara uku ina zaune a sama da ku, ashe ku kuke ɗinke mini ɓarakata."

Wani tsamurmurin direba da bai ce uffan ba tun farko ya ɗaga hannu daga baya.

"Malama, ni ma ina makara minti biyar kullum a layi na sha biyu."

Ta juya shafi. "Wa kake jira?"

"Ba kowa. Ni dai nauyin barci gare ni."

Gareji ya kaure da dariya, har mai wankin mota ya saki tiyo ruwa ya jiƙa mata takalmi. Ta rufe littafin tana share hawayen dariya, ta ce masa wannan kam ba ta da maganinsa, ya nemi agogo mai ƙara.