Akwatin Wuta Mai Araha

Ƙanena Dogo ya dire kwamfutar a kan teburin shagona har sukundireba ta faɗo ƙasa. Warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin.

"Yaya, kai ne gwanin? Kwana tara kacal!"

Na buɗe murfin. Katin hoton da ya shekara yana tara kuɗinsa don ya buga wasanni da shi ya yi baƙi ƙirin.

"Wa ya zaɓi akwatin wutar nan?" na daka masa tsawa, ina nuna na'urar da ke raba wa kayan cikin kwamfutar lantarki. "Na ce ka sayi mai kyau, ka ce fankoki masu walƙiya kake so, ja da shuɗi kamar shagon aski! Da ragowar ka kwaso mana wannan gwangwanin."

"Sau nawa ka faɗa?"

"Sau ɗaya."

"Sau ɗaya, kana danna waya. Sannan ka ɗaura shi da hannunka. Ka san zai ƙone?"

Na so in ce a'a. Amma na tuna ranar da na ɗaga akwatin na ji shi sakayau, na ce a raina, bari ya ɗanɗana, gobe zai ji magana.

"Na san zai mutu. Ban zaci zai tafi da katin ba."

"Wato da gumina ka koya mini hankali."

Ya juya zai fita. Na ce ya tsaya, na jawo tawa kwamfutar na fara kwance katina don in ɗaura masa. Haushinsa dai bai sake ni ba.

"Fankokin kuma," na ce, "a nan za ka bar su."