Hawayen Bhalu

A Kolhapur, zamanin da fim bai fara magana ba, babu yaron da ya kai Bhalu iya kuka a gaban kyamara. Shekararsa bakwai. Da zarar hawayensa sun zubo a majigi, sai ka ga mata a gidan kallo suna share ido da bakin mayafi.

Uwarsa Yamunabai ce kaɗai hankalinta bai kwanta ba. Ta san ɗanta, ko gwiwa ya fasa ba ya kuka. Ga shi tun da ya fara wannan aiki, kullum a guje yake shigowa gida, ya leƙa ɗaki, ya leƙa madafa, in ya gan ta ya ƙanƙame ta ya ƙi saki.

Ta duba jikinsa, babu shatin duka. Ta shinshina fuskarsa ko albasa ake goga masa, ba ta ji komai ba. Ta tambaye shi, ya sunkuyar da kai. Sai ta tare ƙanenta Sadashiv, mai raka shi wurin aikin.

"Haba Yaya, baiwa ce Allah ya ba shi," ya ce, yana kallon bango.

"To da ni kake magana ko da bangon?"

Washegari da hantsi ta bi sawunsu har filin ɗaukar fim, ta laɓe bayan wani allo da aka zana fadar sarki a jiki. Ta ga Dattoba Kelkar, mai ba da umarni, ya tsuguna gaban yaron. Mai ɗaukar hoto ya fara murza hannun kyamara.

"Bhalu, yanzu aka dawo daga tasha," Kelkar ya ce a hankali. "Innarka ta hau jirgin ƙasa na Bombay da kayanta. Ta ce ta gaji da kai."

"Jiya ma haka ka ce."

"Jiya fasawa ta yi. Yau kam ta tafi. Tambayi kawunka."

Yaro ya juya. Sadashiv ya gyaɗa kai. Nan take hawaye suka ɓalle wa Bhalu.

Yamunabai ba ta san lokacin da ta ture allon ba. Ta sungumi ɗanta.

"Baiwar Allah, kin ɓata mana aiki!" Kelkar ya daka tsawa. "Ai dabara ce, 'yan kallo ba sa jin abin da nake faɗa."

"Shi yana ji," ta ce.

Daga baya wani kamfani a Pune ya ɗauke shi, bisa sharaɗin uwarsa za ta zauna inda yake hangenta. Fim biyu aka yi, ko ɗigon hawaye ba a samu ba, sai suka sallame shi. Sadashiv bai sake cin abinci a gidan yayarsa ba.

Bhalu ya girma ya zama tela, mutumin kirki mai fara'a. Sai dai har ya yi furfura, duk labarin da aka kawo masa, sai ya ajiye almakashi ya ce bari ya je ya gani da idonsa.