Wuta Tamu, Makulli Nasu

A ƙauyen Tin-Awal, can cikin duwatsun Abzin, idan fitilar sola ta mutu ko famfon rijiya ya yi gardama, Tekna ake kira. Bazawara ce mai shekara arba'in da 'yan kai, gajeriya, mai saurin baki. Ta taɓa yin wata shida a Agadas tana koyon gyaran kayan sola, kuma shekara bakwai ke nan ba a ga abin da ya gagari hannunta ba.

Da wani kamfani daga Yamai ya zo da maganar kafa babbar tashar sola da za ta ja ruwa zuwa lambuna talatin da biyu, ita ta shige gaba. Ita ta bi tanti-tanti tana lallashin mutane. Filin da aka zaɓa ma gadon matan gidansu ne, inda awakinsu ke kiwo, ta shawo kan 'yan'uwanta suka bayar. Maza suka fasa dutse, mata suka yi jidon ruwan kwaɓa siminti. Sharaɗi ɗaya suka kafa, aka kuma rubuta shi: tashar ta mutanen gari ce, su za su riƙe abinsu.

Ranar buɗewa aka ce ta yafa turkuɗinta ta tsaya gaban farantan sola, aka yi ta ɗaukar ta hoto har wuyanta ya ƙage. Da taro ya watse, Seyni, wakilin kamfanin, wanda ake kira Mushe Seyni irin kiran girmamawa na masu jin Faransanci, ya ja ƙofar ɗakin batir ya datse da kwado, ya jefa makullin a aljihu.

"Mushe, ka manta ba ka ba ni ba," in ji Tekna.

"Ban manta ba, Madam. Kayan nan ba irin 'yan fitilun da kika saba da su ba ne. Sai kun ƙware tukuna."

"Ta bayan ƙofa za mu ƙware?"

Ya yi dariya, ya shige mota.

Wata biyar ruwa yana gudu, albasa ta yi kore shar. Wasu har suka sayar da raƙuman da ke ja musu ruwa daga rijiya. Sai ranar wata Laraba, ana tsakiyar zafi, famfo ya tsaya cak.

Ba a samun waya a Tin-Awal sai an hau dutse. Tekna ta hau, ta kira Mushe Seyni. Ya ce mai gyara yana nan tafe, kada kowa ya taɓa komai. Alhamis ta sake hawa, ya ce motarsu tana gareji. Juma'a wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sauko ta je ta kara kunnenta a jikin ƙofar ƙarfen, ta ji injin yana wani ɗan kuka, tit, tit. Ta san kukan nan kamar yadda ta san kukan akuyarta. Abu ne na minti goma. Ta doki ƙofar da tafin hannu har ya yi zogi.

Nan Agali ya same ta, ɗan kawunta kuma abokin wasanta, wanda ya riga kowa sayar da raƙuminsa. Ya jefa mata wani kan albasa da ya yi laushi.

"Ga tsarabarki, uwar wuta. Ke kika ce mana rana ba ta ciwo, ba ta neman ciyawa. Raƙumina dai bai taɓa cewa sai an kira Yamai ba."

"Wa ya aike ka sayar da shi, mai kan ƙwarya?"

"Bakinki. Da baki yana jan ruwa, da kin shayar da Abzin kaf."

Ta so ta rama kamar kullum, amma ta ga idonsa ta saman rawani, ta ga ba wasa ne kaɗai a ciki ba. Albasar nan ita ce cinsa na shekara. Ta juya ta nufi maƙera.

Assalak maƙeri, dattijon da ke ƙera kwadunan jakunkunan fata, ya saurare ta yana zuga wuta.

"Ɗiyata, ɗakin na wane ne?"

"Namu, Baba. Haka takarda ta ce."

"To ni ban taɓa jin an yi wa mutum shari'a don ya shiga ɗakinsa ba. Ɗauko min ƙaramar jakar can."

Rabin gari ya bi su. Assalak ya zura wata siririyar waya a kwadon, ya ɗan murza, ya buɗe, ya ce tir da aikin banza irin wannan, ko buhun gero ba zai amince masa ba. Tekna ta shiga. Ɓera ne ya ci waya, fis ɗin da ke tsare wutar ya ƙone. Ga akwatin kayan canji a gefe, ko ledarsa ba a ɓare ba. Kafin shayin da Agali ya ɗora a bakin ƙofa ya tafasa, an ji ruwa yana gurnani a cikin bututu. Mata suka rangaɗa guɗa. Ita ba ta yi ba. Kwana uku ba ruwa a wannan zafin, lambu tara sun riga sun ƙone, har da na Agali.

Sai bayan kwana tara Mushe Seyni ya iso. Aka zauna ƙarƙashin itacen ƙaya, aka ba shi shayi, bai sha ba.

"Kun ɓalle ƙofa," ya ce. "Dole in rubuta an yi ɓarna. Garanti ya tashi ke nan."

"Rubuta ɓeran tukuna," in ji Agali, "shi ya fara shiga ba izini."

Tekna ta ce, "Mushe, filin namu, dutsen namu, gumin namu. Sunanmu ne a takarda. Me ya rage naku, ban da makulli?"

Ya share zufa, ya sassauta murya. "Madam, wallahi na san kin iya. Amma masu ba da kayan sun ce sai mai takardar shaida zai taɓa su. Ni ma ɗan aike ne. Abin da zan iya, in sa a ɗauke ki mai goge farantan, a riƙa ba ki ɗan wani abu."

Tekna ta dube shi ido cikin ido.

"In goge. In goge kayana, ka biya ni, in gode maka."

Dattawa suka ja gefe suka yi shawara, mata suka sa baki, aka tsaya a kan magana ɗaya: garanti ya tafi, ɗaki ya zauna a hannun gari. Assalak ya ƙera sabon kwado, aka naɗa mutum biyar masu kula, Tekna ce shugaba. Mushe Seyni kuwa ya sa aka ɗora akwatin kayan canji a mota, ya ce na kamfani ne. Layin wutar da aka yi alkawarin ja zuwa ɗakin shan magani, ya ce an dakatar sai an yi bincike.

Don haka bayan sati biyu Tekna ta hau bayan motar albasa za ta Agadas neman kayan canji a kasuwa. Yini guda ana sukuwa a kan duwatsu. Wajen la'asar direba ya ƙure rediyo, ta ji wata murya tana yabon wata tasha a Abzin, wai abin koyi, wai matan karkara ke jagorantarta tun daga tushe, kamfani kuma yana alfahari da horon da ya ba su. Aka ambaci sunanta, aka ce Takina.

Wata tsohuwa da ke gefenta ta taɓo ta. "Ke, ba garinku ake faɗa ba? Kun ji daɗinku."

Tekna ta miƙa hannu ta bubbuga rufin motar.

"Direba! Don Allah sa mana kiɗa."