Fasfon Goggo Ƙaltume

A gidanmu na Garwa babu mai riƙe da takardar kansa. Tun zamanin kakanmu, wanda ya taso daga Yola da hajarsa ya kafa shago a babbar kasuwa, duk takarda mai hatimin gwamnati wajen babban gida take kwana. Babban gida yanzu shi ne Baffa Abduljalil, yayan marigayi mahaifinmu. Takardun haihuwa, na filaye, fasfo, duka suna cikin wata adakar ƙarfe a ƙuryar shagonsa, ƙarƙashin turamen atamfa. In tafiya ta kama mutum, Baffa ne zai ciro takardarsa, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya ƙulle, ya tofa addu'a. Ba a kwance ƙullin sai an isa. Wai kwancewa a hanya zubar da albarka ne.

Ni Ziyad, da nake koyar da lissafi a lise, wato makarantar sakandare, na sha faɗa cewa wannan sakaci ne muka naɗa wa rawani. Amsar Baffa ba ta canzawa, da Fillanci ma yake ba da ita: "Seese-seese, malamin boko." Wato a hankali.

Sai ƙanwata Su'ad ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Maroko. Ofishin jakadanci ya ba ta ranar zuwa neman biza a Yawunde, safiyar Talata. In ta rasa wannan rana, kafin a ba ta wata makaranta ta rufe rajista. Saboda haka dole mu hau mota zuwa Ngawundere ranar Litinin, ta kama jirgin ƙasa na yamma zuwa Yawunde.

A tasha Baffa ya miƙa mata ƙullin da hannu biyu.

"Baffa, a bari in leƙa kafin mota ta tashi," na ce.

"Ka leƙa me? Tun kana rarrafe nake naɗe wa mutane takardu."

"Likita ya rubuta maka tabarau, ka ƙi saye."

"Tabarau na tsofaffi ne." Ya juya wajen Su'ad. "'Yata, kar ki biye wa wannan. Shi ko ruwa aka ba shi sai ya nemi rasit."

Aka yi dariya.

Mun wuce Ngong, mun wuce Gouna, ƙullin yana kan cinyar Su'ad, idona yana kansa. A Mbe direba ya tsaya a ci abinci. Su'ad ta dube ni ta ce, "Yaya, kallon nan naka zai huda ƙyallen."

"Ni ban ce komai ba."

"Albarkar da za ta zube don an duba, ai dama ba ta ƙullu da kyau ba." Da kanta ta kwance.

Koren fasfo ne, na ƙasarmu. Ta buɗe. Sai ga fuskar Goggo Ƙaltume, yayar Baffa, ta tsuke baki kamar mai ɗaukar hoton ya ci mata bashi. Fasfon da aka yi mata na aikin hajji ne.

Na kira Baffa.

"Kun kwance?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Baffa, Goggo ce a ciki."

Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ai duka koraye ne."

Na ce ya kai na Su'ad tasha ya ba direban motar da ke biye da mu. Ya ce takardar gida ba ta fita ta hannun baƙo. A nan na manta da wa nake magana. Na ce yarinya ta yi shekaru tana karatu da fitilar waya in an ɗauke wuta, za a binne wahalarta saboda ƙyalle. Na ce gidan da ba a iya tambayar babba, kuskurensa kan ƙarami yake faɗawa. Ya kashe wayar. Na sake kira, ba ta shiga.

Mun isa Ngawundere bayan azahar. Su'ad ta zauna kan akwatinta a bakin tashar jirgi, ba ta yi kuka ba, sai ninke farin ƙyallen take tana warwarewa. Da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi. Na kira gida, aka ce Baffa ya rufe shago, ya shiga ɗakin Goggo a gurguje, ya fita, ba wanda ya san inda ya nufa. Aka yi la'asar. Aka fara auna kaya. Rana ta yi ja, aka buɗe ƙofa fasinjoji suka fara shiga.

"Yaya, mu mayar da tikitin," in ji Su'ad.

Sai ga wata babbar motar albasa ta tsaya a tsakiyar hanya, 'yan acaba suna zaginta. Ƙofar gaba ta buɗe. Wani dattijo ya diro, babbar riga ta cukuikuye, hula a karkace, yana gudu. Ban taɓa ganin Baffa yana gudu ba, sai da ya matso na gane shi. A fuskarsa akwai tabarau na mata, mai ruwan hoda da sarƙar zinariya. Na Goggo ne.

Babu ƙyalle. Fasfon a buɗe yake a hannunsa, a shafin hoto.

"Duba," ya ce yana haki. "Ki duba da kyau. Kai ma duba, malamin boko."

Su'ad ce. Na karanta sunan sau biyu, na zauna kan akwatin.

Direban motar, Kolo, tsohon abokin cinikin Baffa, ya biyo shi da takalmi ɗaya a hannu. "Alhaji, ka bar wannan." Ya dube ni. "Tun daga Garwa yake cewa in taka. A hawan dutse na ce masa seese-seese, saura kaɗan ya mare ni."

Baffa ya dafa kan Su'ad, ya yi addu'ar a tsaye, gajeriya, yana warin albasa. Ta shiga jirgi ana busa usur. Ranar Talata ta miƙa takardunta, biza ta fito.

Da ta dawo hutun farko, a tsakar gida aka maimaita labarin, kowa da ƙarinsa. Su'ad ta kwaikwayi gudun Baffa har shi kansa ya share hawaye a ƙarƙashin sabon tabaransa, baƙi, na maza.

Adakar tana nan. Na so kowa ya karɓi takardarsa, ban samu ba, kuma ban daina faɗa ba. Abin da na samu shi ne yanzu mai tafiya yana buɗewa ya karanta sunansa da ƙarfi kafin a ƙulle.

Goggo Ƙaltume ce kaɗai ba ta gamsu ba.

"Shisshigi ne ya yi muku yawa," ta ce. "Da kun bar ƙullin nan, da yanzu ni ce likita a Maroko."